Shekarar da Na Ƙi a Wanke Mimori

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a dangin babanku, na san kun ji ta ko da ba a gabana ba. Cewa ake yi wai ni Kulu na hana 'yan'uwa muryar ɗan'uwansu, na kulle ta a ɗaki kamar kayan gado, har na yi wa yayan mijina gardama ina cikin takaba. Gardama kam na yi. Sauran kuwa an ƙara masa gishiri a hanya. Tun da Allah ya ja da raina, kuma hannuna yana iya riƙe biro, ko da rubutun nawa yana hawa yana sauka kamar kunyar gonar da aka yi huɗarta da gaggawa, gara ku ji ta daga bakina yadda ta faru.

Kun san ni ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni Rano daga Rurum, duniyata ba ta wuce tsakar gidan nan ba, da murhuna, da kaskon suyar gyaɗa, da bakin zaure inda nake sallamar masu sayen ƙuliƙuli. Boko ɗanɗanawa kawai na yi, sai daga baya a makarantar matan aure na ƙara koyon haɗa baƙi. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga ɗaki nake gane babur ɗin wane ne ya shigo lungu, da gidan da ake daka, da yaron da ke kukan yunwa da mai kukan shagwaɓa. To da babbanku, ɗana na fari wanda ba na kama sunansa, ya kawo mini 'yar waya mai madannai daga Kano, sai ya saka mata mimori, wato 'yar ƙwayar nan baƙa da ba ta kai farce ba, wadda waya ke yin ajiya a cikinta. Nufinsa in riƙa jin karatu ina aiki. Wata rana hannuna duk mai na danna wani wuri mai jan ɗigo ban sani ba, da na sake latsawa sai ga muryata tana fitowa, ina zagin akuyar Talatu maƙwabciyata da ta sa baki a tunkuza. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Daga ranar na gane wayar nan tana riƙe magana, ban kuwa tsaya ɓata ta a kan akuya ba, sai na juya ta wajen babanku.

Ku manya kun san shi, ƙananan jikoki ne sai labari. Manomi ne, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a ɗaura lasifika. Muryarsa ba irin ta masu nuna gwaninta ba ce. Tana da ɗan kaushi, kuma akwai inda yake tsayawa ya ja numfashi a tsakiyar kiran asuba, wurin da sauran ladanai ba sa tsayawa. Na ɗauki kiran nan daga tsakar gida, har da carar zakaranmu a ciki. Na ɗauki karatunsa na bayan la'asar, da musunsa da abokan gona a kan taki, da yadda yake tsokanar jikokinsa mata yana ce musu amarensa. Da farko a ɓoye nake yi, har ranar da ya kama ni.

"Kulu, me kike yi da wayar nan kusa da bakina, kamar mai auna zazzaɓi?"

"Ajiya nake yi, Malam."

"Mutane suna ajiyar dawa, ke kina ajiyar surutu. To matso da ita, in dai za a ɗauka a ɗauka da kyau."

Haka na yi ta tarawa har mimorin ya cika. Na san ya cika ne don wayar ta koma yin wani ɗan kuka in na danna jan ɗigon, gajere, mai gangarawa ƙasa, kamar jaririn da ya ƙoshi ya kau da kai. Na ce in babbanku ya zo zan sa ya ƙaro wani. Kafin ya zo, ruwan farko ya sauka, babanku ya yi shuka, ya kwanta ciwo kwana kaɗan, Allah ya karɓi abinsa. Ba zan tsaya a nan ba, kun san wannan ranar kamar yadda na san ta.

Na shiga takaba. Ba fita, ba kwalliya, sai tabarma da carbi da masu zuwa gaisuwa. Abin da ya riƙe ni bayan addu'a, wayar nan ce. In gida ya yi shiru sai in kunna, in ji shi yana gyaran murya kafin ya fara karatu. Mata suka fara ji, wannan ta gaya wa waccan, har ta kai in an gama gaisuwa sai a ce, "Kulu, ɗan kunna mana Malam." Sai in kunna, a yi kuka, a yi masa addu'a, a tashi. Ban taɓa hana kowa ji ba, ku tambayi duk wadda ta zo.

Labari ya kai Kibiya, wurin Alhaji Babba, yayan babanku uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kuke kira Baffa. Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane nauyin yayan miji ba. Tun ina amarya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa sosai ba. In ya zo yana zaure ina bayan labule, ya faɗa in ce to. Shi ya riƙe babanku bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya nema masa aurena. Ya zo ya zauna, muka gaisa, sai ya ce ya ji akwai muryar Auta a wurina, haka yake kiran babanku. Ya ce in ba shi mimorin ya kai wurin mai turi a zuba wa 'yan'uwa na Kibiya, kafin la'asar ya dawo mini da shi.

Mai turi, ga waɗanda za su karanta wannan bayan sana'ar ta shuɗe, mutum ne mai kwamfuta a ɗan shago. Kai masa mimorinka za ka yi ya zuba maka karatu ko wa'azi ko waƙoƙi ko fim. Namu sunansa Nafi'u, shagonsa yana bakin tasha, ɗan mutunci ne, a gabanmu ya girma. Ranar kasuwa mutanen Zurgu da na Zinyau har layi suke yi masa, wannan mimori ya fita wancan ya shiga, duk rami ɗaya. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa akwai abin gudu a ciki. Aron mimori a wurinmu kamar aron rariya ne, wanda ya hana shi ne abin magana. Na zare na miƙa ta ƙarƙashin labule.

Bayan la'asar sai na ji sallama biyu a zaure, ta Baffa da ta Nafi'u. Tun daga yadda Nafi'u ya ja gaisuwar, yana maimaita ya haƙuri, na san ba lafiya ba.

"Inna, wato an samu 'yar matsala," in ji shi. "Ina saka shi a kwamfuta, kafin in kwafa, sai duk kayan suka rikiɗe. Sunayen suna nan amma ko na danna ba sa buɗewa. Na mayar da shi waya, sai ta nuna babu komai."

"Ina suka tafi?"

"Bairos ne, Inna. Cuta ce ta kwamfuta, ita ta cinye. Kwanan nan ta dame ni, ba naki kaɗai ba ne. Maganinta ɗaya, a wanke mimorin. In an wanke zai dawo sabo fil, in cika miki shi da karatu mai daɗi, ba sai kin ba ni komai ba."

"In an wanke, muryar Malam za ta dawo?"

"A'a, wanki da komai yake tafiya. Amma ai dama babu komai a ciki."

Baffa ya yi gyaran murya. Na ji muryarsa ta yi nauyi, don shi ma abin ya buge shi, shi ya ɗauka da hannunsa.

"Kulu, sai haƙuri. Mai muryar ma ya tafi, bare muryar. Yaron nan ya ce in aka bar shi haka, duk inda aka saka shi sai ya shafa wa wasu. Ba a ajiye ciwo a gida. A wanke, a wuce wurin."

Na ce a miƙo mini in gani. Na saka shi a wayata, na shiga inda na saba shiga, wayam. Ban san abin da ya sa ba, sai na danna jan ɗigon nan. Wayar ta yi ɗan kukanta, gajere, mai gangarawa ƙasa. Na sake dannawa, ta sake yi. Kukan ƙoshi ne, wanda take yi tun babanku yana da rai. Na zauna ina juya abin a raina. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san rumbu. Rumbun da babu komai a cikinsa ba ya ƙin karɓar hatsi. In an cinye kayan, me ya cika wurin?

"Yaya," na ce, "a bar shi haka."

Na ji Baffa ya gyara zama.

"Me kika ce?"

"Na ce kar a wanke. Wayar tana cewa a cike yake."

Nafi'u ya ce wani lokaci cutar ce da kanta take cika wuri, kuma ba ƙarya ya yi da gangan ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Baffa ya ce, "Yaron nan sana'arsa ce. Ke da ko tasha ba ki sani ba, kin fi shi sani ne?"

"Ban fi shi sani ba, Yaya. Ban san komai ba. Shi ya sa ba zan yarda a yi abin da in an yi shi ba a iya warwarewa ba."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ni da ban taɓa haɗa kalma biyar a jere a gabansa ba. Na ji ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa Nafi'u, "Tashi mu je, matar gida ta yanke hukunci." Ko sallama bai yi mini ba. Na ji tashin babur ɗin da ya kawo shi har ya ɓace a kwanar masallaci.

Ina so ku fahimci Baffanku, kar ku ɗauke shi mugu. A ganinsa mace mai takaba da ta rungumi mataccen mimori ba ta karɓi ƙaddara ba ne, kuma haƙƙinsa ne ya tsawatar. Ga kunyar abin ya lalace a hannunsa, yana son a rufe maganar a daina tunawa. Ga kuma an musa masa a gaban yaro. Duk na san wannan tun a ranar. Na dai auna ne, fushin Yaya ana iya bin sa da ban haƙuri ko bayan shekara nawa ne, abin da aka wanke kuwa ba shi da ƙofar da za a bi a ba shi haƙuri.

Washegari na kira Binta, 'yar ƙanwata, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Lokacin tana Zariya tana wankan jego. Na zayyana mata komai, har kukan wayar na kwaikwaya mata, ta yi dariya duk da halin da ake ciki.

"Inna, ban yi miki alkawari ba, don ban gani ba. Amma kin yi daidai. Ki cire shi daga wayar, kar ki saka shi a komai, kar ki ba kowa ya gwada. Ki jira ni."

Na naɗe shi a 'yar takarda, na sa a leda, na ƙulle a haɓar zanena. In zan yi wanka in kwance in ɗaura a wanda zan sauya. Haka na yi damina guda da shi. Ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini tsawo. An naɗa sabon ladani, yaro mai zaƙin murya, ba ya tsayawa jan numfashi a ko'ina, in ya kira asuba sai in ji kamar an shiga ɗakina an sauya wa kaya wuri. Na fara tsoron kar kunnen da nake taƙama da shi ya saki muryar babanku. Wani lokaci ina tsakar suya sai in tsaya in nemo yadda yake cewa Kulu, in ji ya zo, in ci gaba.

Masu ba da shawara kuwa ba su bar ni ba. Wata ta ce a shanya shi a rana, zafi yana kashe ƙwayar cuta. Wata ta ce a goga masa fetur. Talatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ni da za ki ji tawa, ki kai a yi masa tofi."

Na ce, "Talatu, wannan ba aljani ba ne."

"To mene ne, abin da ke shiga ba a gani ya kwashe kaya?"

"In Binta ta zo kya tambaye ta."

"Ni dai nawa na ba Nafi'u ya wanke. Hotunan bikin 'yata Rabi duk sun tafi, amma ga shi ina jin wa'azina lafiya lau. Ke kin zauna da gawa a zane."

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne babbanku. Ya kira ni daga Kano ya ce Baffa ya kai ƙarata, ya ce, "Umma, ki bi maganarsa a zauna lafiya, yanzu shi ne ubanmu." Na ce masa uba ne, ban musa ba, amma mimorin nawa ne. Ya ce Allah ya kyauta. Duk tsawon takabar nan Baffa bai sake taka zaurena ba. Ranar da na fita ma aike ya yi.

Binta ta zo da kaka, ana tsakar cirar gyaɗa, da jaririnta a baya da kwamfutarta a jaka. Muka baje tabarma a inuwar darbejiya da hantsi, ta miƙo mini yaron, na kwance haɓar zane na miƙa mata nawa. Talatu tana jin muryarta ta zagayo, ko mayafi ba ta gyara ba. Binta ba ta buɗe komai ba tukuna. Ta ce akwai wani mai gadi a cikin kwamfutarta, sai ya fara bincike mimorin kafin a taɓa shi, kamar yadda ba a haɗa sabuwar akuya da garke sai an duba bakinta da kofatonta. Muna kallo wani abu ya yi ja a allon.

"Ga shi nan," in ji ta. "Daga kwamfutar Nafi'u ya hau. Wani ne ya kai masa a nasa mimorin, shi kuma duk wanda ya saka bayan nan sai ya ɗauka ya kai gaba."

Talatu ta ce, "To wa ya ƙirƙire shi? Daga iska yake faɗowa?"

"Mutum ne ya rubuta shi, Gwaggo, kuma iri-iri ne. Wani lalata kaya yake yi kamar gara. Wani kulle maka kayanka zai yi ya ce sai ka fanshe su. Wani ba ya taɓa komai, laɓewa yake yi yana kwashe sirrinka yana aika wa mai shi. Wannan na Inna mai ɓoyewa ne. Yana tura kayan gaske bayan labule, ya jera na bogi a gaba masu suna iri ɗaya, in ka danna na bogin sai ya ƙara yaɗuwa."

Ta kashe shi, ta buɗe wani baƙin allo ta buga 'yan rubuce-rubuce, ta jira. Ni dai ina jijjiga yaro ina salati a zuci. Sai ta juyo da kwamfutar wajena, ko da yake ta san ba abin da zan karanta, ta danna. Aka ji ƙarar buta a kan siminti, aka ji zakara, sannan aka ji gyaran murya. Babanku ya ɗaga kiran asuba da hantsi tsaka a tsakar gidansa. Da ya zo wurin nan ya tsaya ya ja numfashinsa, daidai inda na san zai tsaya. Ban yi kuka da ƙarfi ba saboda yaron da ke hannuna. Talatu ce ta yi, kuma ba duka na babanku ba ne. Da ta share ido sai ta ce, "Binta, wato hotunan Rabi ma suna nan lokacin da na ce a wanke?" Binta ta sunkuyar da kai ta ce mai yiwuwa. Ta ce ta kawo a gwada, amma an riga an zuba wa'azi a kansu, ba abin da ya fito.

Nawa ma ba duka suka dawo lafiya ba. Kaɗan sun lalace, suna farawa su yanke. Binta ta ce ko cutar ce ko yawan cirewa da sakawa a ranar, ba za ta rantse ba. Sauran ta kwafe su a kwamfutarta, ta kwafa a sabon mimori ta saka mini a waya, ta kuma ajiye a wata ma'ajiya ta intanet mai lambar sirri, wadda ta ce ko gobara aka yi ba za ta kai can ba. Ta ce abin da kake da shi a wuri ɗaya tak, aro aka ba ka. Da yamma ta taka har tasha wurin Nafi'u, suka zauna tare suka tsabtace kwamfutarsa, ta saka masa mai gadin nan. Ya zo da kansa ya durƙusa a zaure yana ba ni haƙuri, na ce ya tashi, bai ci mini komai ba. Har yau in mimori ya rikice a hannunsa ba ya wankewa sai ya duba bayan labule.

Kafin ta koma ta zaunar da ni ta yi mini karatu, ni ma nake yi muku shi kullum har kuna cewa na cika mita. Kar a saka mimori ko waya a kwamfutar da ba a san lafiyarta ba. In saƙo ya zo da shuɗin rubutun nan da ake dannawa, ana cewa an ba ka kyautar data ko ka ci wata gasa da ba ka shiga ba, kar a danna, ko daga wayar ɗan'uwa ya fito, don wataƙila shi ma an shige masa ne. Lambobin da ake turo wa mutum a waya ba a karanta wa kowa su, ko ya ce daga ina yake. Ni ba na karanta Turanci, amma yanzu da kuka sauya mini babbar waya, in na ga shuɗin rubutu a guruf ɗin gida da hoton kyauta a kansa, kun san muryar wa za ku ji ta biyo baya.

Yanzu ga inda maganar rowa ta samo asali. Da Baffa ya ji murya ta dawo, sai ya aiko a karɓi mimorin a sake kai wa Nafi'u a zuba wa mutanen Kibiya, tun da an ce kwamfutar ta warke. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi, ya ce masa na asalin ba ya sake fita daga ɗakina, amma a ba ni kwana kaɗan. Rabin farko na saƙon ne ya isa Kibiya, ko kuma shi kaɗai aka ji. Kafin mako ya zagayo, har a gidan suna ana cewa Kulu ta hana.

Ban aika kowa ya wanke ni ba. Da yake Binta ba ta koma ba tukuna, na sa ta zuba komai a sababbin mimori guda-guda, na Baffa da na ƙannensa mata. Na ɗaura zanen fita, na sa aka kira mini mai babur, ni da ko kasuwar Rano sai in shekara ban leƙa ba. Muka kama hanyar Kibiya, gonaki duk an kafa bukkokin dawa, ina riƙe da ƙarfen baya kamar za a ƙwace mini shi. Na same shi a ƙofar gida a kan buzu. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri. Na ajiye ƙullin a gefen buzun na ce ga saƙon Malam. Ya daɗe bai taɓa ba. Can ya zaro wayarsa daga aljihu ya saka da kansa, yana lalube, ya danna wanda ya fara zuwa hannunsa.

Ashe wata hira ce da babanku ya yi wa jikoki, yadda kakansu shi da Baffa ya taso daga wani ƙauye ya zo ya sari daji a Kibiya. Muryar ta fito tana cewa tsohon ya iso da jaki ɗaya da fartanya, ya sauka a gindin wata tsamiya. Baffa ya sunkuya, ya kara wayar a kunne kamar ba da ƙarfi take magana ba. Labarin ya kai inda tsohon ya fara haƙa rijiya, sai ya yanke. Yana cikin waɗanda suka lalace.

"Ina sauran?"

"Iyakar abin da ya tsira ke nan, Yaya."

Ya dubi wayar, ya girgiza kai.

"Ba tsamiya ba ce, Auta, bishiyar kuka ce. Kullum sai na gyara maka. Kuma jakin ba nasa ba ne, na surukinsa ne, shi ya sa aka yi rigimar." Ya ɗago, karo na farko a rayuwata muka haɗa ido, ya ce, "Matso, Kulu, ke da ba kya mantuwa. Ki ji yadda aka yi, kar a bar wa yara rabin labari."

Na matsa. Ya ɗauko daga rijiyar nan bai tsaya ba har aka kira azahar.

Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ban kuma jira ya faɗa ba. Har yau in an ambace ni a Kibiya yakan ce matar Auta taurin kai gare ta. Ku daina jin haushi in ya faɗa, ku ce masa haka ne, Baffa.